Murhun ƙarfe mai tsimin itace: a saye shi don itace, kada a dogara da shi don hayaki

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya ɗaga farashin duk abin da ake ɗaukowa daga nesa, har da kananzir da iskar gas da faskaren da manyan motoci ke kawo mana daga dazuzzukan kudu, masu tallar murhun ƙarfe mai tsimin itace suka yawaita a ƙauyukanmu na yankin Ringim da Taura. Sukan zo ranar kasuwa, ko su kafa rumfa a ƙofar gidan dagaci, su ɗora tukwane biyu, ɗaya a kan duwatsu uku ɗaya a kan nasu murhun, su ce jama'a su zuba ido su ga wadda za ta riga tafasa. Tasu ce take riga, kuma babu maguɗi a cikin wannan. Amma abin da bakinsu ke faɗa ya zarce abin da tukunyar ke nunawa, domin sukan ƙara da cewa murhun zai raba uwargida da hayaki har abada, kuma duk wanda ya saya ya taimaka wajen rage ɗumamar yanayi. Gidanmu ya sayi ɗaya, na yi girki da shi a bazara da damina da hunturu, kuma a ganina kaya ne mai kyau da ake jingina masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Murhun ba wani ƙato ba ne. Tsayinsa bai kai gwiwar babban mutum ba, kuma mace ɗaya za ta iya ɗaga shi ta hannayensa biyu ta kai shi inda take so, ko da yake yana da ɗan nauyi. Jikinsa ƙarfe ne ninki biyu, an cusa abin da ke tare zafi a tsakani, shi ya sa ko wuta na ci gefensa ba ya toye yaro nan take idan ya taɓa, sai dai samansa. A ƙasa akwai ƙaramar ƙofa da ake zura itace, da wani faranti mai huji-huji da itacen ke kwanciya a kai domin iska ta bi ta ƙarƙashinsa, daga nan ramin wutar ya miƙe sama siriri har zuwa inda tukunya ke zama a kan haƙora uku. Ya zo da wata ɗamara ta langa-langa da ake zagaye tukunya da ita, wadda mata da yawa a unguwarmu suka jefa ƙarƙashin gado don suna ganin tarkace ce, alhali kaso mai tsoka na tsimin a wurinta yake, tunda ita ke tilasta wa zafin ya bi jikin tukunya ya hau maimakon ya watse gefe.

Wannan fasali ba sabo ba ne. Wani masani Ba'amurke mai suna Larry Winiarski ne ya tsara ƙa'idojinsa a farkon shekarun 1980 tare da cibiyar Aprovecho da ke jihar Oregon, kuma murhuna da yawa da ake sayarwa a Afirka yau a kan wannan tsari aka ƙera su. Dabarar ta ginu ne a kan sanin cewa hayaki itace ne da bai gama ƙonewa ba. Idan itace ya ɗauki zafi yakan saki tururi da wani irin maiƙo, waɗanda su ne ke kamawa su zama harshen wuta. Idan suka sami zafi mai tsanani da isasshiyar iska sai su ƙone ƙurmus, idan kuwa suka ci karo da iska mai sanyi ko gindin tukunya kafin su kama, sai su fice a matsayin hayaki. Ramin da aka killace yana riƙe zafin, tsayinsa yana jan iska daga ƙasa, kuma bakin itacen kaɗai ke ci ba dukan tsawonsa ba. A murhun duwatsu uku abin da ke shiga tukunya daga zafin itace bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran duk sararin Allah yake dafawa. Irin wannan murhu, a gwajin masana, yakan ninka hakan sau biyu ko fiye.

A kan itace ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Damin da a da ke ƙarewa kafin mako ya zagayo yanzu yana tsallakawa cikin mako na biyu, kuma ba don mun rage baki ko mun rage girki ba. Idan zan kimanta, kusan rabi ne ya ragu a girkin yau da kullum, irin su shinkafa da wake, dafa-duka, miya, kunu da ruwan wanka. Masu tallar sukan ambaci adadin da ya fi wannan nesa, amma nasu gwajin tafasa ruwa ne da busasshen itacen da suka zo da shi a mota, an faskara shi siri-siri, mutum guda kuma yana tsugune a kansa ba ya ɗauke ido. Girkin gida kuwa ana yin sa ne yaro na kuka, akuya ta sa baki a shanya, maƙwabciya na sallama. Duk da haka kuɗin da muka biya ya dawo daga rarar itace cikin 'yan watanni. Gidan da ba sayen itace yake yi ba, wanda yara mata ke fita tsintar ƙirare bayan gari, ribarsa ba a aljihu za a gan ta ba, a wuyan yaran da lokacin makarantarsu za a gan ta, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Inda aka fara samun saɓani shi ne tuwo. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon dawa na gida mai yawan baki ta san cewa da zarar an yi talge an zuba gari, aikin ya koma na ƙarfi: a danna muciya, a murɗa, a matse tuwon a jikin tukunya, kuma dole tukunyar ta zauna daram. Duwatsu uku suna rungume gindin tukunya kusa da ƙasa, ko za a tuƙa da hannu biyu ba ta motsi. A wannan murhun tukunya a ɗare take a kan gajerun haƙora, nesa da ƙasa, muciya na shiga tana gocewa. Ranar da na fara gwadawa sai da ƙanwar maigida ta riƙe kunnuwan tukunyar da tsumma ina tuƙi, ɗamarar kuma dole aka cire ta don sai kaɗawa take yi tana ƙara. Inna, mahaifiyar maigida, tana kan tabarma tana kallonmu, ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ai murhun shayi ne. Mayar da tuwon nan inda kika san shi tun ba ki yi mana ɓari ba.” Na ce, “To, Inna,” na mayar. Daga baya na sami dabarar sauke tukunyar ƙasa in tuƙa, sannan in mayar da ita ta sulala a kan ragowar garwashi, kuma hakan yana yi idan tuwon bai wuce na kwano ɗaya ba. Abin da ya fi haka, ko girkin suna da biki, ko turara shinkafa mai yawa, babbar tukunya ba ta zama a kansa sam. Saboda haka tsohon murhunmu yana nan a inda yake, ana hura shi kusan kullum da yamma, kuma a duk gidan da na leƙa haka na tarar.

Akwai kuma wahalar da ba a faɗa a rumfar talla. Ƙofar murhun ba ta karɓar gungume, itacen da yake so shi ne wanda kaurinsa bai wuce yatsu biyu ko uku ba, masu itace kuwa faskare mai kauri suke sayarwa, idan kuma aka dace da kirya ko marke sai an nemi namiji da gatari mai kaifi. Reshen darbejiya da sabara da turare sun fi dacewa da shi. Kara yana ci sosai, amma yana cinyewa nan da nan, tokarsa ta cika ƙarƙashin farantin ta toshe hanyar iska, sai an riƙa kwashewa ana cikin girki. Kandilo kuwa bai karɓe shi ba ko kusa. Kuma murhu ne mai son a zauna da shi, domin bakin itacen kaɗai ke ci, bayan 'yan mintoci sai an iza. Wadda ta saba ɗora wake ta jefa gungume ta tafi daka ko ɗiban ruwa za ta dawo ta tarar wuta ta mutu.

Maganar hayaki ita ce ta fi damuna, domin a kanta aka fi yaudarar kai. Saurayin da ya sayar mana cewa ya yi, “Hajiya, wannan ba ya hayaki ko ɗis, ko a uwar ɗaka za ki iya girki da shi.” Gaskiyar abin da na gani ita ce, idan itace busasshe ne, wuta ta kama sosai, ramin ya ɗauki zafi, hayakin da ido ke gani yana raguwa ƙwarai, hawaye da majina na lokacin girki sun yi sauƙi, tufafi ba sa ɗaukar ƙauri kamar da. Amma a mintocin farko na hurawa yana turnuƙewa daidai da kowane murhu, balle a gidajen da ake kunna wuta da leda ko tsohon silifa, wanda hayakinsa ya fi na itacen muni. Duk lokacin da aka zura sabon itace mai sanyi sai ya sake bugowa. Da damina, itace ya sha danshi, bambancinsa da duwatsu uku a wajen hayaki kaɗan ne. Kuma ko a lokacin da ido ba ya ganin komai, ba a nan maganar ta ƙare ba.

Abin da masana ingancin iska ke aunawa ƙura ce da ido ba ya gani, wadda suke yi wa laƙabi da PM2.5, ƙwayoyin da kaurin gashin kai ya ninka mafi girmansu kusan sau 30. Hanci ba ya tace su, tari ba ya fito da su, sukan gangara har ƙarshen huhu, wasunsu su ratsa cikin jini. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce kada matsakaicinsu ya wuce maikrogiram 15 (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska a kwana guda, ko maikrogiram 5 a tsawon shekara, kuma ita hukumar ta ce a madafin da ba shi da mafitar iska adadin yana iya ninka abin da aka yarda da shi sau 100. Ta ƙiyasta cewa hayakin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan lissafi shi ne fiye da rabin mace-macen ba ta hanyar tari suka zo ba, ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka zo, cututtukan da a ƙauye babu mai danganta su da madafi.

To, rage hayaki da rabi yana rage ciwo da rabi? An gwada, kuma amsar ba mai daɗin ji ba ce. Marigayi Kirk Smith na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan hayakin madafi, ya jagoranci wani bincike a tsaunukan Guatemala inda aka gina wa wasu gidaje murhu mai bututun fitar da hayaki, aka bar wasu da wutar ƙasa, aka bi lafiyar jarirai. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2011 ya nuna hayakin cikin madafi ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, amma abin da yaran ke shaƙa da rabi kawai ya ragu, domin hayakin da ya fita ta bututu yana nan a tsakar gida da unguwa. Ciwon sanyin haƙarƙari mai tsanani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai dai a jimlar masu ciwon da likita ya tabbatar raguwar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. A Malawi kuma aka bi yara fiye da 10,000 a ƙauyuka 150 har shekara biyu, aka raba wa rabin gidajen murhu mai fanka, wanda ya fi namu tsabtar ƙonewa nesa ba kusa ba, sakamakon da aka buga a 2017 bai nuna wani bambanci a yawan ciwon ba. Murhunan sun riƙa lalacewa, mata sun riƙa komawa wutar ƙasa, ga hayakin shara da na maƙwabta.

Dalilin da masana ke bayarwa shi ne huhu ba ya lissafi irin na kasuwa, inda rabin kuɗi ke sayen rabin kaya. Illar wannan ƙura tana hawa da sauri tun daga ɗan ƙaramin adadi, sannan ta riƙa lafawa a sama, ta yadda wanda ya sauko daga adadi mai tsananin yawa zuwa rabinsa har yanzu yana cikin yankin haɗari, sai an sauko ƙasa sosai ake ganin sauƙi na a zo a gani. Wannan bai sa na raina murhun ba, amma ya sa na ƙi bin shawarar saurayin nan ta shiga da shi ɗaki. Amfaninsa mafi girma ga lafiya, a ganina, yana cikin hannayen nan biyu da ake ɗaukarsa da su. Duwatsu uku a inda aka kafa su suke, yawanci cikin ɗan madafi mai rufin kwano da kunkunniya ta yi wa baƙi ƙirin, shi kuwa wannan ana iya fitar da shi ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya inda iska ke kaɗawa, a juya ƙofarsa yadda hayaki zai bi bayan mai girki. Idan aka haɗa da sauke goyo a miƙa wa wata a lokacin hura wuta, da adana itace a inda ruwa ba zai taɓa shi ba, da daina kunnawa da leda, ina da yaƙinin an fi samun sauƙi fiye da abin da ƙarfen kansa ke bayarwa.

Batun ɗumamar yanayi kuwa, sunan da ya kamata a sani a nan shi ne Veerabhadran Ramanathan, masanin sararin samaniya haifaffen kudancin Indiya, wanda ya daɗe yana aiki a cibiyar Scripps da ke San Diego a Amurka. Shi ne a 1975 ya nuna cewa iskar da ake sa wa firji a wancan zamani tana riƙe zafin duniya, ƙwayarta guda ta ninka ta kabon dayoksaid, wato iskar da ke fita idan an ƙona itace ko fetur, sau dubbai, a lokacin da ake ɗauka kabon dayoksaid kaɗai ne abin tsoro. A 1999 yana cikin jagororin wani babban bincike a tekun Indiya, da jiragen ruwa da na sama da tauraron ɗan'adam, inda suka tarar da hazo mai ruwan ƙasa, kaurinsa kusan kilomita 3, shimfiɗe a kan teku da kudancin Asiya, kuma wani babban kaso nasa daga ƙona itace da kashin shanu da ragowar gona ya fito. Cikin wannan hazo akwai baƙin kabon, wato irin baƙin da ke manne wa gindin tukunya, wanda idan ya tashi sama yake shan hasken rana ya ɗumama iskar da ke kewaye da shi. A 2008 shi da Greg Carmichael suka ƙiyasta cewa bayan kabon dayoksaid babu abin da ya kai baƙin kabon ɗumama duniya. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya sauko da wannan ƙiyasi ƙasa sosai, amma wani abu bai canja ba: baƙin kabon kwanaki ko makonni kawai yake yi a sama ruwa ya wanke shi, kabon dayoksaid kuwa yana iya yin ɗaruruwan shekaru, don haka rage baƙin kabon abu ne da ake ganin amfaninsa da wuri.

Ramanathan ya sha ba da labarin kakarsa, yadda yana yaro yake ganinta tana girki cikin hayaki a ƙauye tana fama da tari, kuma wannan na cikin abin da ya kai shi kafa wani shiri mai suna Surya, wanda ya raba murhuna a ƙauyukan jihar Uttar Pradesh ta Indiya aka riƙa auna hayakinsu a cikin gidaje, a hannun matan da ke girki da su. Abin da suka buga a 2012 ya shafi murhunmu kai tsaye. Murhuna masu fanka, waɗanda ke hura iska da ƙarfin batir, sun rage baƙin kabon sosai. Marasa fanka, masu dogara da jan iskar ramin kawai, sakamakonsu ya yi ta hawa da sauka, har wasu lokuta sukan fitar da baƙin kabon fiye da murhun laka na gargajiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wutar da ke cin ƙarfinta da harshe ja tana rage farin hayakin nan mai sa hawaye, amma harshen da ya lashi gindin tukunya mai sanyi baƙi yake haifarwa. Namu ba shi da fanka. Gindin tukwanena kuma baƙinsa bai ragu ba ko kaɗan, har ma na ga kamar ya fi kama hannu idan an zo wanki, kuma wannan shaida ce da kowace mace za ta iya dubawa ba tare da wata na'ura ba.

Inda murhun ke da hujja mai ƙarfi shi ne wajen bishiya. Itacen da aka ƙona yana sakin kabon dayoksaid ɗin da bishiyar ta zuƙa tana raye. Idan wata ta tsiro a madadinta za ta sake zuƙe shi, idan kuwa ba ta tsiro ba ya zama ƙari a sama. Wani bincike da Robert Bailis da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 27 zuwa 34 cikin 100 na itacen wuta da ake sara a duniya ana saransa ne fiye da yadda daji ke iya mayarwa. Mu nan ba ma bukatar a gaya mana a wane ɓangare muke. Dattawa suna nuna wuraren da kirya da marke suke a da, yanzu sai gawo da kuka da darbejiyar da aka dasa, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa shingen bishiyoyi don tare hamada ya shafa. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin duniya, saboda haka ba na son a riƙa yi wa matar ƙauye magana kamar ita ta ɗumama duniya da tukunyar miyarta. Amma bishiyar da ba a sare ba tamu ce, inuwarta da ganyenta da ƙasar da take riƙewa a gonarmu suke.

Akwai wata takarda da ya kamata mai saye ya sani. Da aka kawo murhun, sun ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, sun karɓi lambar waya, sun sa alamar gidan a taswirar wayarsu, sannan suka miƙo wa maigida takarda da Turanci ya sa hannu, suka ce ta garanti ce. Na karɓa na karanta. Garanti yana ciki, amma akwai kuma layin da ke cewa mai saye ya sallama wa kamfanin duk wani haƙƙi a kan kabon ɗin da murhun zai rage. Ma'anarsa ita ce za su lissafa tan nawa na iskar da ke ɗumama yanayi aka fasa fitarwa saboda gidanmu ya rage itace, su sayar da wannan lissafi ga kamfanonin ƙasashen waje masu son a ce sun biya diyyar hayakinsu, kuma da wannan kuɗi ne ake karya farashin murhun. Ban ga laifin cinikin ba, don ba don shi ba da murhun ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma ina ganin laifin a ce wa mutum garanti alhali sayarwa yake yi, kuma babu abin da zai hana a rubuta takardar da Hausa. Lissafin kansa ma yana da rauni. Wani bincike na masana a Berkeley da mujallar Nature Sustainability ta buga a 2024 ya gano cewa shirye-shiryen murhu da suka duba sun zuzuta abin da suka rage kusan sau 9, kuma cikin dalilan akwai ɗauka cewa gida ya rabu da tsohon murhunsa. Idan haka aka rubuta a kan gidanmu, to tuwon Inna na kowace yamma ba ya cikin lissafi.

Da hunturu wata matsalar ke fitowa. Ƙurar da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke ɗauka wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma babu murhun da zai rage ta. Abin da ke hannunmu shi ne kada a haɗa wa ƙirji hazo a waje da hayaki a ɗaka, amma sanyi yana tura mutane su yi hakan. Wannan murhu, saboda an yi shi ne ya riƙe zafi a ciki, ba ya ba da ɗumi. Yara da tsofaffi da suka saba zagaye wuta da asuba ba sa samun komai a jikinsa, kuma garwashin da yake bari kaɗan ne. Sai ka ga an koma cika kasko da gawayi ana shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi ba ya hayakin da ido ke gani, amma yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, ta fara da ciwon kai da jiri, ta iya kashe mai barci bai farka ba. Shi ma wannan murhun yana fitar da ita, musamman idan harshen wuta ya mutu saura garwashi, kuma wannan kaɗai ya isa a ce maganar girki da shi a uwar ɗaka magana ce mai haɗari da bai kamata mai talla ya furta ba.

Wanda ke da halin sayen gas kuma yana kusa da inda ake ɗurawa, gas ya fi wannan tsabta ba tare da wata jayayya ba. A ƙauye kuwa, inda sai an biya ɗan acaɓa zuwa gari a dawo, na ga tukwanen gas da yawa sun zama kujera. Mutanenmu na wajen Hadejia da Auyo masu buntun shinkafa a banza suna da hujjar duba murhun da ke cin buntu, irin dabarar murhun Abacha na garin katako da aka yi yayi lokacin wahalar kananzir.

Ƙarko shi ne abu na ƙarshe da zan taɓo, kuma a nan makin bai cika ba. Gangar jikin tana nan lafiya, fenti kawai ya ƙone a sama, haƙoran kuma ba su lanƙwashe ba. Farantin da itace ke kwanciya a kai ne ya fara bauɗewa, daga baya ya tsage gida biyu, kuma da zarar babu shi itacen yana kwanciya cikin toka, iska ta daina shiga ta ƙasa, murhun ya koma hayaki kamar kowane. Lambar wayar da ke kan takardar garanti tana shiga amma ba a ɗauka. Maƙerin garinmu ne ya yanko wani daga tsohon ƙarfen mota mai kauri, ya huda shi daidai da na asalin, kuma nasa ya fi na kamfanin jure wuta. Wanda zai saya ya tafi da tukunyar da gidansa ke girki da ita ya ɗora ya girgiza ya gani, ya leƙa cikin ramin ya tabbatar ƙarfen ciki mai kauri ne ba langa-langa ba, ya sa a karanta masa takardar kafin ya sa hannu, ya kuma nemi a haɗa masa da farantin canji tun a wurin, domin masu rumfar ba lallai ne a same su a kasuwa mai zuwa ba.